Kacici-kacicin Kalmomi Mai Ɓoyayyar Ishara

Kacici-kacicin kalmomi mai ɓoyayyar ishara, wanda Turawan Ingila ke kira cryptic crossword, wasa ne na kaifin basira da ake bugawa a jaridu. Ana zana allo mai murabba'ai baƙaƙe da farare, a cike fararen da haruffa har su tada kalmomi, wasu a kwance wasu a tsaye. Inda ya bambanta da wasan cike gurbi na yau da kullum shi ne, kowace ishara a cikinsa ƙaramin kacici-kacici ce mai zaman kanta. Allon jaridun Birtaniya yakan zama murabba'i 15 a tsaye, 15 a kwance, da ishara kusan 30, kuma kimanin rabin haruffan kowace amsa ne ke haɗuwa da na wata kalma.

Asali

Arthur Wynne, ɗan Liverpool da ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya buga wasan cike gurbi na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Isharorinsa ma'anoni ne kai tsaye. Da wasan ya ƙetara zuwa Ingila a shekarun 1920, sai masu shirya shi suka fara yi wa ishara lanƙwasa. Jaridar Daily Telegraph ta soma nata a 1925, The Times kuma a ranar 1 ga Fabrairu, 1930.

Wanda ake danganta wa kafa salon shi ne Edward Powys Mathers, marubuci kuma mai fassarar waƙoƙi, wanda ya yi wa jaridar Observer aiki daga 1926 har mutuwarsa a 1939. Ya laƙaba wa kansa Torquemada, sunan shugaban kotun binciken bidi'a ta cocin Katolika a Sifaniya, don ya nuna irin azabar da yake gana wa masu karatu. Magajinsa, Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci, ya ɗauki sunan wani shugaban kotun, wato Ximenes, ya riƙe aikin har 1971. Daga 1972 Jonathan Crowther ya karɓa da laƙabin Azed, wanda idan aka karanta shi daga baya sai ya ba da Deza, shi ma shugaban kotun ne.

Ginin ishara

Cikakkiyar ishara tana da sassa biyu. Akwai ma'anar amsar, wadda kusan kullum takan zo a farkon jimla ko a ƙarshenta. Akwai kuma wasan haruffa, wanda ke nuna yadda za a harhaɗa amsar harafi bayan harafi. Lambar da ke cikin baka a ƙarshe tana faɗin yawan haruffan. Gwanintar mai shiryawa ita ce ya ɗinke sassan biyu su zama jimla guda mai santsi, wadda za ta ja hankalin mai karatu zuwa wani labari dabam, ya kasa ganin inda aka yi ɗinkin.

Duk da wannan yaudara, wasan yana tsaye ne kan amana. A. F. Ritchie, mai laƙabin Afrit, ya kafa ƙa'ida a littafinsa na 1949 cewa mai shiryawa yana da damar ɓad da sawu a zahirin jimla, amma dole kalmominsa su faɗi ainihin abin da za a yi da haruffa. Macnutt ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1966, har ake kiran masu bin ƙa'idar sau da ƙafa mabiya Ximenes. A wajensu, ko kalma ɗaya ba a yarda ta zauna a ishara ba tare da aikin yi ba. Amfanin wannan tsauri babba ne: wanda ya gano amsa ba ya buƙatar a tabbatar masa, domin hanyoyi biyu ne suka kai shi wuri ɗaya.

Ire-iren wasan haruffa

Misalan Hausa da ke tafe an tsara su ne don bayani a wannan maƙala.

Mafi yawan aukuwa shi ne hargitsa haruffa. A "Mahaukacin kare, mai zaƙi gaɓa-gaɓa (4)", kalmar "mahaukacin" umarni ce cewa a birkita haruffan KARE, sai a sami RAKE. A Turanci akwai ɗaruruwan irin waɗannan kalmomin umarni: duk abin da ke nuna karyewa, maye, ruɗewa ko sabon tsari yana iya yin aikin. Mai koyo yakan fara da ƙirga haruffan kalmar da ke maƙwabtaka da su, ya ga ko sun yi daidai da lambar ƙarshe.

Akwai ɓoyayyar kalma, inda amsar ke kwance a gaban ido: "Dabbar layya ta ɓuya a tara goro (4)". Ƙarshen "tara" da farkon "goro" sun ba da RAGO. Ita ce mafi sauƙi, amma har gwanaye takan kuɓuce musu, saboda ido ya saba karanta kalma ɗungurungum.

Akwai jerantawa: "Sunan namiji da launin jini, babban birni (5)", wato ABU da JA, ABUJA. Akwai cusa wata kalma cikin wata: "Ka shiga tara wajen neman kujera (6)". A zahiri jimlar tana maganar wanda aka ci tara, alhali KA ne ya shiga tsakiyar TARA, aka sami TAKARA. Wannan misali ya nuna inda daɗin wasan yake, domin "shiga" tana aiki biyu a lokaci guda, ga labari ga umarni.

Sai ma'ana biyu ba tare da taɓa haruffa ba: "Bishiya, zubar hawaye (4)", KUKA. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka Hausa tana da irin waɗannan tagwayen kalmomi jingim. Juya kalma daga baya kuwa, wanda ya yi yawa a Turanci, ba ya ba da amfani sosai a Hausa, tunda akasarin kalmominta da baƙi suke farawa su ƙare da wasali.

Sauran sun haɗa da cire harafi, ɗaukar haruffan farko, da kalmomi masu amo ɗaya. Wadda masana suka fi girmamawa ita ce isharar da dukkanta ma'ana ce, kuma dukkanta wasan haruffa ce. Sanannen misali shi ne "Terribly angered (7)": an hargitsa ANGERED ta koma ENRAGED, kuma jimlar kanta tana nufin wanda ya fusata ƙwarai.

Gajerun kalmomi da al'ada

Abin da ke wahalar da baƙo ba ƙarancin Turanci ba ne kawai. Wasan cike yake da gajartawa da aka gada daga rayuwar Ingila. Matuƙin jirgin ruwa yakan zama AB ko TAR, likita DR ko MO, "love" kuma harafin O, domin haka ake kiran sifili a wasan tanis. Lambobin Romawa, alamomin sinadarai da kalmomin wasan kurket duk suna shigowa. "Flower" ma ba lallai fure ba ne, yana iya zama kogi, wato abin da ke kwarara, domin "flow" na nufin kwarara. Ƙamus na Chambers shi ne alƙali a wasanni masu wuya irin na Azed da na Listener, wanda ya samo sunansa daga mujallar da ta fara buga shi.

Ba kowa ya bi Ximenes ba. John Graham, limamin coci mai laƙabin Araucaria, wanda ya yi wa jaridar Guardian aiki daga 1958 har mutuwarsa a 2013, yakan sassauta ƙa'ida idan hikima ta buƙaci haka, kuma masu karatu sun so shi matuƙa. Ta cikin isharorin wasansa ne ya sanar da su cewa yana fama da ciwon daji na maƙoshi.

Lokacin yaƙi da bazuwa

A Janairun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Daily Telegraph ta shirya gasar kammala wasanta cikin minti 12. Daga baya hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin mahalarta, aka ɗauke su aikin warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park, cibiyar wannan aiki a Ingila. A 1944 kuma, gab da saukar sojojin ƙawance a Normandy ta ƙasar Faransa, kalmomin sirri na wannan farmaki irin su Utah, Omaha, Mulberry, Neptune da Overlord suka bayyana a matsayin amsoshi a wannan jarida, har jami'an MI5, hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, suka yi wa mai shiryawa, Leonard Dawe, shugaban wata makaranta, tambayoyi.

Salon ya yi ƙarfi a Ireland, Ostareliya, New Zealand, Kanada, Afirka ta Kudu da Indiya, inda jaridar The Hindu ke buga nata. A Amurka bai taɓa kamo wasan ma'ana kai tsaye ba, ko da yake mujallar The Nation ta daɗe tana buga shi kafin ta daina a 2020, kuma mawaƙi Stephen Sondheim ya shirya irinsa a mujallar New York daga 1968. Yanzu manyan jaridun Birtaniya suna da ƙananan wasanni na masu koyo, da ake yi ta waya ko kwamfuta.