Matasa da Shugabanci a Sakkwato

Taƙaddamar matasa da dattawa kan shugabanci a Sakkwato ta shafi yadda masu ƙananan shekaru, duk da yawansu a rumfunan zaɓe, ba su cika samun kujera a inda ake yanke shawara ba. Ana yi musu kirari da manyan gobe, ana kuma tuna musu cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Tarihin garin kansa bai goyi bayan wannan ɗabi'a ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi a Ɗegel wajen 1774 yana da shekara 20. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, bai kai shekara 30 ba lokacin da ya kafa birnin Sakkwato a 1809. A zamanin Turawa ma, Ahmadu Bello ya zama hakimin Raba a 1934 yana ɗan shekara 24, Shehu Shagari kuma ya shiga majalisar wakilai ta tarayya a 1954 yana da 29. Duk da haka, dukkansu sun fito ne daga gidajen ilimi ko na sarauta. Ɗan talaka tun a wancan lokacin hanyarsa ta fi tsawo.

A watan Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta rage shekarun takara. Na majalisar jiha da ta wakilai sun sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na gwamna da sanata kuwa suka tsaya a 35. Doka ta buɗe ƙofa, amma kuɗi da ubangida suna tsaye a bakinta. A 2022 jam'iyyar APC ta sa fom ɗin takarar gwamna a naira miliyan 50, tun kafin a zo maganar daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara.

Wannan tsada ta fi ciwo a Sakkwato. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya sa jihar a sahun farko, da kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta. Saurayin da ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hidimar ƙasa, sau da yawa kabu-kabu yake komawa, takardunsa na cikin leda a ƙasan akwati. Idan kakar zaɓe ta zo, aikin da ake kiransa bai wuce liƙa fasta, rakiyar ayarin motoci da kare ɗan takara a Facebook ba.

A gabashin jihar, irin su Isa, Sabon Birni da Goronyo, 'yan bindiga sun raba samari da yawa da gonakinsu. Waɗannan ko maganar takara ba sa yi. Cirani suke tafiya Legas da Abuja.