Mayar da shafin wiki mai rubutun Japananci zuwa takardar bugawa: tambayoyi da amsoshi

A allo shafin yana fita lafiya lau. Me ya sa da zarar ya koma PDF sai akwatuna su maye gurbin haruffa?

Burauza tana rufa maka asiri ne ba ka sani ba. Idan font ɗin shafin, wato kundin siffofin haruffa, ba shi da wani harafi, sai ta aro daga wani font da ke cikin na'urarka. Manhajojin haɗa PDF da dama ba sa wannan aron, abin da ba su samu ba sai su ajiye akwati a gurbinsa. Duk mai rubuta Hausa da kwamfuta ya san ciwon nan, ya sha ganin ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna.

Na Japananci ya fi yawa ne kawai. Rubutu uku ake cakuɗawa a jimla ɗaya: hiragana da katakana, kowanne da haruffan asali 46, sai kanji, haruffan da aka aro daga Sinanci, wanda jerin gwamnati na amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136 tun shekarar 2010. Sunayen mutane da na garuruwa kuwa sukan fita daga jerin, kuma su ne suka cika shafukan wiki.

Ni ba akwatuna nake gani ba, tarkacen alamomi ne marasa kan gado.

Wannan cuta ce daban, Japanawa suna kiranta mojibake. An ajiye rubutun da wani tsarin lambobin haruffa, an buɗe shi da wani. Wikipedia da sauran shafukan da ke kan manhajar wiki ta MediaWiki suna amfani da UTF-8, amma tsofaffin fayiloli daga Japan sukan zo da Shift_JIS ko EUC-JP. Sauya font ba zai yi magani ba. Sake buɗe fayil ɗin da tsarin da ya dace, kuma kada ka ajiye gurɓataccen a kan na asali.

To wane font zan sa?

Akwai na kyauta masu inganci: IPAex Mincho da IPAex Gothic, da Noto Sans CJK wanda Google da Adobe suka fitar a 2014, da ɗan'uwansa Noto Serif CJK. Salon Mincho mai siraran layuka a kwance shi aka saba gani a cikin littattafai, Gothic kuma ya fi dacewa da kanun magana.

Sai dai akwai tarkon da ya fi akwatuna haɗari, domin shi ba ya nuna kansa. Unicode, tsarin duniya na lambobin haruffa, ya bai wa haruffa da yawa da Sinanci da Japananci da Koriyanci suka yi tarayya a kansu lamba ɗaya, alhali kowace ƙasa da yadda take zana su. Dubi 直: a zanen Japan akwai layin da ya sauko ta hagu ya lanƙwasa ya bi ƙasa, a zanen ƙasar Sin kuwa layi ɗaya ne kawai a kwance a ƙasan. Idan manhajar ba ta san yaren shafin ba, tana iya ɗauko zanen Sin. Takardar za ta fito tsaf a idonka, amma Bajapane yana kallo ɗaya zai gane, ɗalibi kuma zai haddace siffar da ba ita ake koyarwa ba. Saboda haka idan Noto za ka sa, zaɓi mai JP a sunansa, ka kuma tabbatar alamar yaren tana kan "ja", wato alamar Japananci. A ganina wannan shi ne matakin da bai kamata a tsallake ba.

Idan takardar ta haɗa Hausa da Japananci, ware wa kowanne font ɗinsa, don ba lallai na Japan ya ƙunshi haruffa masu ƙugiya ba.

Wace hanya ta fi sauƙi?

Shafi ɗaya ko biyu, yi amfani da maɓallin sauke PDF na Wikipedia, ko ka danna bugawa a burauza ka zaɓi ajiyewa a matsayin PDF. Shafuka masu yawa kuwa, Pandoc, manhajar sauya fayil daga wani tsari zuwa wani, yana karanta rubutun MediaWiki kai tsaye. Amma injin haɗa PDF da yake fara nema, pdflatex, yakan tsaya cak idan ya ci karo da kanji. Sauya shi da xelatex, sannan ka rubuta sunan font ɗin a gurbin CJKmainfont.

Haruffa sun fito, amma layi yana zarce gefen takarda. Me ya faru?

Japananci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, don haka manhajar da ke jiran fili kafin ta karya layi ba za ta same shi ba. Ana iya karyawa tsakanin kusan kowane harafi biyu, bisa ƙa'idar da ake kira kinsoku: aya 。 da waƙafi 、 ba sa buɗe layi, baka mai buɗe zance 「 kuma ba ta rufe shi. Duba furigana ma, ƙananan haruffan da ake ɗorawa a saman kanji don nuna yadda ake furta shi. Wajen juyawa sukan faɗo cikin layi, sai kalma ta fito kamar an maimaita ta.

Me zan duba kafin in kai wa mai firinta?

Tabbatar font ɗin yana cushe a cikin fayil ɗin, domin kwamfutar shagon bugawa da wuya ta mallaki na Japananci. Bayanan fayil a manhajar karanta PDF suna nuna haka, umarnin pdffonts ma yana nunawa. Kai PDF, kada ka kai fayil ɗin Word. Girman takarda ka bar shi a A4. Idan an ce B5, tambayi wanne: na Japan milimita 182 ne da 257, na tsarin duniya 176 da 250. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, saboda haka idan raba takardar za ka yi, bar adireshin shafin da sunan lasisin a jiki. Fara buga shafi ɗaya ka duba kanji masu layuka da yawa irin su 鬱, idan sun dunƙule sai ka ƙara girman rubutun.