Waiwaye: Motar da ake saya a wargaje, da ƙungiyoyin da suka riƙe ta

A Birtaniya har gobe mutum na iya biyan kuɗin mota a kawo masa ita cikin akwatuna: ƙashin jiki daban, inji daban, tayoyi, kujeru biyu, da jakunkunan noti da kusoshi. Shi zai shiga garejin gidansa da sifana ya ɗaure ta da hannunsa. Motar, wadda ake kira Seven, ba ta da ƙofar kirki, rufinta tamfol ne, nauyinta bai cika wuce kilo 500 zuwa 600 ba. Mai kallo daga nesa zai ce son wahala ne, amma al'adar tana da asali, kuma asalin nata haraji ne.

A 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Birtaniya ta ƙirƙiro harajin sayen kaya. Bayan yaƙi harajin bai tafi ba, kuma ya yi wa sabuwar mota nauyi ƙwarai. Sai dai dokar ta bar kafa: mota gamammiya ake ɗora wa harajin, sassan mota kuwa ba a ɗora musu. Ƙananan masu ƙira suka ga wannan kafa, suka bi ta ciki.

Kafin nan akwai masu sha'awar a ƙasa, suna da ƙungiyarsu. An kafa 750 Motor Club a 1939 domin masu Austin Seven, ƙaramar motar nan mai inji cc 747 da aka yi ta ƙerawa daga 1922 zuwa 1939. Tsoffinta sun yi araha bayan yaƙi, don haka matasa ke sayensu, su yar da gangar jikin, su ɗora wata mara nauyi, su fita tsere ranar hutu. Cikin waɗannan matasa akwai wani ɗalibin injiniya, Colin Chapman, wanda ya haɗa motarsa ta farko a 1948 a kan tsohuwar Austin Seven. A gasannin wannan ƙungiya ya yi suna, a 1952 kuma ya buɗe kamfanin Lotus a unguwar Hornsey da ke arewacin Landan. Wannan tsari yana da muhimmanci, domin galibi ana ɗauka kamfani ne ke fito da mota sannan masoya su taru a bayanta. A nan ƙungiyar ce ta haifi mai kamfanin.

A 1957 Lotus Seven ta fito. Ƙashinta siraran bututun ƙarfe ne da aka walda, aka lulluɓe da fallen alminiyam, injinta kuwa na Ford ne mai cc 1,172, irin wanda ke cikin motocin talakawa na lokacin. Dabarar Chapman ita ce rage nauyi maimakon ƙara ƙarfin inji, domin mota mara nauyi ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa, ta fi iya shan kwana. Wanda ya saye ta a haɗe zai biya sama da fam 1,000, wanda ya saye ta a wargaje kuwa fam 500 da 'yan kai. Masu motar suna da wani labari da ba sa gajiya da bayarwa: wai doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda ake ɗaure motar, sai Lotus ta riƙa ba da takardar yadda ake kwance ta, mutum ya karanta daga ƙarshe zuwa farko.

A watan Afrilun 1973, bayan Birtaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, aka soke tsohon harajin aka kawo VAT, wanda bai bar sassan mota ba. Rangwamen ya ƙare. Lotus ma ta riga ta ƙosa da motar, tana son komawa ga masu tsada, sai ta sayar da haƙƙin ƙera Seven ga dillalinta, Graham Nearn na Caterham Cars, a wannan shekarar. A lissafin kuɗi, nan ya kamata labarin ya tsaya. Nearn ya fara da samfuri na huɗu, mai jikin roba, wanda masoya ba su taɓa ƙauna ba, a 1974 ya koma samfuri na uku, kuma siffar nan ce ake ƙerawa har yau.

Abin da ya riƙe motar bayan tafiyar rangwame, a ganina, jama'arta ne. Wanda ya maƙale da wayoyin lantarki da ƙarfe goma na dare ba kamfani zai nema ba, ɗan ƙungiyar da ya taɓa cin wannan tuntuɓen zai kira. Ƙungiyoyin masu Seven suna da rassa yanki-yanki, kowane reshe da mai shirya taro na sa kai, a haɗu sau ɗaya a wata, a fitar da mujalla, a yi hayar filin tsere na yini guda, a nemo wa mambobi inshora mai sauƙi. Aron kayan aiki ma babban abu ne, don ba kowa zai sayi ƙugiyar ɗaga inji saboda aikin rana ɗaya ba. Caterham ta gane haka, a 1995 ta buɗe gasar Academy domin waɗanda ba su taɓa tsere ba, inda da yawa ke shiga da motar da suka ɗaura da kansu.

Kwaikwayo ya biyo baya daga wasu kamfanoni: Donkervoort a Holan, Birkin a Afirka ta Kudu, Westfield a Ingila tun 1982. Ta Westfield ta yi kama da asali har sai da Caterham ta kai ƙara a ƙarshen shekarun 1980, aka tilasta canza siffarta. A 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya koya wa mutane walda ƙashin irin wannan mota da kansu, su ciro inji da giya daga tsohuwar Ford Escort. Aka sa mata suna Locost, 750 Motor Club ta buɗe mata gasa ta musamman.

Hukuma kuwa ta ƙara tsanantawa. Daga 1998 dole motar da aka haɗa a gida ta ci jarrabawar SVA kafin a ba ta lamba, a 2009 aka maye gurbinta da IVA. Masu duba suna auna birki, hayaƙi, ƙarar salansa, wurin ɗaure bel, har da kaifin kowane gefe da zai iya yankar mai tafiya a ƙasa. Shi ya sa kafin ranar gwaji za ka ga tsoffin hannu na ƙungiya sun zagaye motar sabon shiga, suna rufe kan noti da hulunan roba.

Kamfanonin sun sha canza hannu. Tony Fernandes na Malesiya ya sayi Caterham a 2011, kamfanin VT Holdings na Japan ya karɓa a 2021, Westfield kuma ya durƙushe a 2022 kafin a samu masu saye. Mafi ƙanƙantar Seven ta yanzu, samfurin 170, injin Suzuki mai cc 660 ke jan ta, nauyinta wajen kilo 440, kuma a Birtaniya ana iya odarta a akwatuna.