Waiwaye: ƙaramar kasuwar Yamai da matan da wuta ta watsa

Yaran yanzu in ka ce masu Habu Ganda sai su tsaya suna kallonka, alhali mu nan muka buɗe ido muka ga ana cefane. Sunan Zabarmanci ne, wato kasuwar ƙasa, babbar kuma ita ce Habu Bene, kasuwar sama, masu Faransanci su ce Petit Marché da Grand Marché. Tun da Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka dawo da shi Yamai a 1926 garin ya yi ta cika, kuma baki in ya yi yawa dole a samu inda za a sayi kayan miya.

Babbar kasuwa ta atamfa ce da takalmi da kayan kanti, ƙaramar kuwa ta tukunya ce. Tun da asuba masu garka na bakin kogi, su Gamkale da Saga, ke shigowa da salati da shu da zogale, ganyen da sauran laimarsa, ga albasar Galmi buhu buhu, tattasan Diffa, dankalin turawa na duwatsun Agadas, ga kifin kogi yana motsi cikin tasa. Ina tuna wata tsohuwa da inna ke saye wajenta, ta kasa tumatir huɗu huɗu a kan tsohon buhu tana yayyafa masu ruwa da hannu, in kin saya sai ta ce "ɗiyata tsaya ga gyara", ta jefa maki attarugu biyu. Ranar da babu kuɗi ma sai ta ba da bashi, ba takarda ba shaida.

Wuta dai ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987 zamanin Seyni Kountché, ta sake kamawa a 2009 aka gyara aka ci gaba. Ƙaramar da ta ƙone a 2012 ba ta tashi ba, abin da ke ci mini rai ke nan wallahi. Mai shago yana da ɗan abin da zai tayar da kai, amma matar da jarinta bai wuce jika biyar ba, duk arzikinta shi ne gurbin da ta saba zama da mutanen da suka san inda za su same ta. Aka watse, wasu Djemadje wasu Katako wasu Wadata, wasu bakin titi cikin rana da ƙura.

Sai kuma ambaliyar 2020 ta zo ta cinye garake da gonakin shinkafa na bakin kogi, masu kawo kayan ma suka ji a jikinsu. Tsohuwar nan inna ta neme ta kasuwa uku bayan gobarar, kowa ta tambaya sai a ce an gan ta can, har yau ba su sake haɗuwa ba.