Yadda roka ke komowa ƙasa ta tsaya da ƙafafunta

Dukan rokar ce ke dawowa?

A'a. A Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, gindin ne kaɗai ke sauka da ƙafafunsa, mai injuna 9, kuma shi ya fi cin kuɗi. Kamar minti biyu da rabi bayan harbawa yake rabuwa da kan rokar. Kan ya wuce da tauraron ɗan'adam, gindin kuma ya juyo gida.

Can sama inda babu iska, da me yake juyawa?

Da feshin iskar naitirojin daga wasu ƙananan kafofi. Ita ke wuntsula shi har injunan su fuskanci inda ya dosa. Kafin ya faɗa cikin iska mai kauri sai a kunna injuna uku a taka masa birki, in ba haka ba zafin gogayya da iska zai lalata shi.

To mene ne amfanin ragogin da ke wuyan gindin?

Fukafukai ne guda huɗu masu ramuka kamar rariya. Lokacin tashi a kwance suke jikin rokar, sai a hanyar dawowa su buɗe. Iska na ratsa ramukan, kwamfuta na karkata kowanne daban, da haka ake saita rokar kamar yadda mai kwale-kwale ke yi da filafili. Dabarar ba sabuwa ba ce, Tarayyar Sobiyat ta daɗe da sa irinsu a makamai masu linzami. A Janairun 2015 man da ke motsa su ya ƙare ana dab da sauka, rokar ta daki jirgin ruwan da ke jiranta a karkace ta tarwatse. Fukafukan farko na alminiyam ne, suna ƙonewa. A 2017 aka fara sa na titaniyam.

Me ya hana a sa laima kawai?

An gwada a 2010, gindin ya wargaje tun laimar ba ta buɗe ba. Ga shi laima ba ta ajiye abu daidai inda ake so, ruwan teku kuma maƙiyin inji ne.

Ina wahalar take a saukar ƙarshe?

Nan ne gizo ke saƙar. Mai ya kusa ƙarewa, rokar ta yi shafal, har inji ɗaya da aka rage wa wuta iya ragewa ya fi ƙarfin nauyinta. Saboda haka ba ta iya tsayawa cak a iska ta gyara zama. Dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafafunta huɗu suka taɓa ƙasa. In an kunna injin da wuri, za ta tsaya a sama ta fara komawa. In an makara, sai dai a kwashe tarkace. A ganina wannan lissafin ya fi komai ban mamaki a lamarin.

Yaushe aka fara dacewa?

Ranar 21 ga Disamba 2015 a Cape Canaveral, jihar Florida ta Amurka. Saukar farko a kan jirgin ruwa kuma 8 ga Afrilu 2016. Ana zaɓar teku idan man da ya rage ba zai kai ta gida ba.

Dole sai da ƙafafu?

Ba dole ba. Ranar 13 ga Oktoba 2024, a Texas, hasumiyar harbawa ta miƙa hannuwan ƙarfe biyu ta cafke gindin rokar Starship tun bai taɓa ƙasa ba. An bar nauyin ƙafafun a ƙasa ke nan, rokar ta samu sararin ɗaukar ƙarin kaya.