Maniya: kalmar da ake jifa da ita ba tare da sanin cutar ba

A 'yan kwanakin nan kalmomin "maniya" da "bifolar" sun cika shirye-shiryen rediyo da zaurukan WhatsApp a Damagaram, ana liƙa su ga ɗan siyasar da ya sauya sheƙa, ko matar da ta yi dariya da safe ta yi fushi da la'asar. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yana hana iyalai gane cutar bifolar ta gaskiya, wato cutar ƙwaƙwalwa mai jefa mutum wani lokaci cikin maniya, wani lokaci cikin matsananciyar damuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mutum miliyan 40 a 2019.

A wurin likitocin ƙwaƙwalwa, maniya hali ne da yake ɗaukar aƙalla mako guda, mutum yana cikin annashuwa ko harzuƙa da ta wuce kima, ga kuzarin da ba a san shi da shi ba. Alamar da aka fi ruɗewa a kanta ita ce barci. Wanda barci ya ƙaurace wa yana nemansa, kuma yakan wayi gari a gajiye. Mai maniya kuwa yakan runtsa awa 2 ko 3 ya tashi garau, yana ganin barci ɓata lokaci ne.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kasuwar Dole wanda kowa ya sani da natsuwa. Sai ga shi yana zuba magana ba a iya katse shi, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, yana cin bashin kaya, yana rabar da jarinsa, yana cewa zai cika Agadas da Kano da motocinsa kafin salla. Da farko dangi sukan ce buɗi ne ya zo, in abin ya ƙazanta su ce sammu ne ko aljannu, shi kuwa ba zai yarda yana ciwo ba, domin bai taɓa jin ƙarfi irin na wannan lokaci ba. A ganina nan ne muguntar cutar take.

Tana da magani, tun lokacin da likitan ƙwaƙwalwa John Cade ya gwada maganin litiyam a Ostareliya a 1949. Sai dai sau da yawa ba a kai mutum asibiti sai bayan ya faɗa cikin matsananciyar damuwa, kuma idan dangi suka ɓoye wa likita wancan mako na rashin barci da ɓarnar kuɗi saboda kunya, yana iya rubuta maganin damuwa shi kaɗai, wanda kan iya sake tayar da maniyar.