Mawaƙan Turai a zamanin Renesans: wa yake cin kuɗin waƙarsu?

Wai me ake nufi da Renesans ɗin nan?

Zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha ne a Turai, ya taso daga Italiya wajen ƙarni na 14 har ya kai farkon na 17. A fagen rubutacciyar waƙa babban malaminsu shi ne Petrarch (1304 zuwa 1374), shi ya fito da sonet, wato waƙa mai layi 14, duk da ba shi ya ƙirƙiro ta ba.

Kafin injin ɗab'i ya ake yaɗa waƙa?

Da hannu ake kwafa. Ka rubuta ka ba abokinka, shi ma ya kwafa ya ba wani. Sai wajen 1450 Gutenberg ya fito da injinsa a garin Mainz na Jamus, aka fara buga waƙoƙin Petrarch a birnin Benis na Italiya a 1470, kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa. A 1501 kuma wani mai maɗaba'a, Aldus Manutius, ya sake buga su a ɗan ƙaramin littafi da mutum zai riƙe a hannu ya yi tafiya da shi, wannan kam ba ƙaramin sauyi ba ne.

To ai mawaƙan sun yi kuɗi kenan?

Ina fa! Nan ne abin yake ban tausayi wallahi. A Ingila a wancan zamanin mai maɗaba'a ne ke da haƙƙin littafi ba marubuci ba, in ya samu rubutunka ya kai rajista a ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan, wadda ta samu izinin sarauta a 1557, shikenan ya zama nasa, in ya ga dama ya ɗan ba ka wani abu sau ɗaya, in ma ba ka san an buga ba babu inda za ka kai ƙara. Dokar da ta fara ba marubuci haƙƙinsa sai 1710 ta zo. Mawaƙiya Vittoria Colonna a Italiya ma haka aka buga waƙoƙinta a 1538 ba da yardarta ba.

Da me suke cin abinci to?

Ubangida, kamar dai mawaƙan fada. Ariosto yana hidima a gidan sarautar Este a Ferrara, Shakespeare ya sadaukar da doguwar waƙarsa ta 1593 ga hakimin Southampton, Spenser kuwa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila ta yanka masa fam 50 duk shekara.

Da gaske wasu ba sa son a buga nasu?

Ƙwarai. 'Ya'yan manya gani suke kai waƙa kasuwa zubar da girma ne, sun fi so ta zaga tsakanin abokai. Philip Sidney ya rasu 1586, sonet ɗinsa suka fito 1591. John Donne ya rasu 1631, sai 1633 aka tattara waƙoƙinsa aka buga, kuma yawanci daga kwafin da mutane suka adana a gidajensu aka samo su.